Mako Shida Na Roƙa wa Rijiyar

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Anti da yara kuna lafiya. Ka tuna wa Mama maganin hawan jininta, na san halinta.

Yaya, raina a ɓace yake. Shekara uku muna haƙa rijiyar nan, mun kai kusan kilomita huɗu cikin ƙasa, muna neman dutse mai zafin da zai tafasa ruwa, tururin ya juya injin lantarki. Kai ɗan ofis ne, bari in tuna maka. Lokacin haƙa ruwan laka mai sanyi muke turawa don kada bakin injin haƙar ya ƙone, ruwan kuma yana sanyaya dutsen. In an gama, sai a bar rijiya mako shida zafinta ya dawo, sannan ni mai awo in zura ma'auni.

Kwana biyu da gamawa sai ga Darakta da 'yan jarida, yana toshe hanci da hankici wai wurinmu na wari. Ya ce a auna. Na ce ranka ya daɗe, lokaci bai yi ba. Ya ce a auna dai. Ma'auni ya nuna digiri casa'in da huɗu, alhali ɗari da hamsin muke nema. Ko sallama bai yi mana ba ya faɗa mota.

Yanzu ana raɗe-raɗin za a cike rijiyar da siminti. Kai ne sakataren kwamitin da zai yanke hukunci. Don Allah ka roƙa mata mako shida.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso. Mama na nan lafiya, tana shan maganinta in an tsaya a kanta.

Na taɓa maganar da Darakta a hankali. An riga an aika rahoto cewa wurin ba shi da zafi, ya kuma sanar da sabon wuri a gaban manya. Amma in faɗa miki gaskiya, ba awon ne ya fi ƙona masa rai ba. Kin yi masa gyara a gaban kyamara. Da kin ja shi gefe, da wataƙila ba a kai nan ba. In yanzu rijiyar ta yi zafi, kowa zai ce ke ce da gaskiya, shi kuwa ba zai jure wannan ba.

Ki kama bakinki. Sunanki na cikin waɗanda za a kai sabon wurin, ni na sa shi.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka, tunda dole ne.

Wato rijiyar shekara uku za a kashe saboda fuskar mutum ɗaya? Tir da wannan aiki!

Ban kama bakina ba, ban kuma kama hannuna ba. Duk mako ina zura ma'auni. Ɗari da goma sha takwas, ɗari da talatin da ɗaya, jiya ɗari da arba'in da uku. Shugaban masu haƙa, dattijon da ya rasa yatsa biyu a kan wannan injin, shi ke riƙe min wayar da nake zura ma'aunin da ita. Duk lokacin da lambar ta fito sai ya yi murmushi, sannan ya juya ya ga buhunan simintin da aka jibge a bakin ƙofa, ya yi tsaki.

Takardar rufewa ta iso. Na san sa hannun da ke ƙasa, da shi kake sa min hannu a sakamakon jarrabawa bayan rasuwar Baba. Na ninke ta.

Ga takardun awon nan na haɗo. Ranar Litinin kuna da zama. Ba cewa na yi ka yi faɗa da kowa ba, ajiye su kawai za ka yi a kan tebur.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. An yi zaman. Takardunki na cikin jakata, jakar na kan cinyata. Da aka zo kan maganar rijiya Darakta ya ce, "Akwai mai magana?" Ya kalle ni. Na tuna yara huɗu da shekara biyun da suka rage min in yi ritaya. Aka wuce.

Ki yi haƙuri. Mama na tambayar ranar zuwanki.

Yayanki

*

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya.

An zuba simintin ranar Alhamis. Da safe, kafin motocin siminti su fara aiki, na auna na ƙarshe. Ɗari da hamsin da shida.

Masu siminti sun kwaɓa shi bisa lambar da ke cikin rahotonku. Na gaya wa ogansu, ya ce shi takarda yake bi. Bai kai rabin aiki ba zafi ya daskarar da simintin a cikin bututu, bututun ya maƙale, ba ya gaba ba ya baya. Ogan ya sauko yana zufa yana cewa, "Wane maƙaryaci ne ya rubuta casa'in da huɗu? Ramin nan wuta ne!" Dattijon nan ya cire hular kwanonsa ya zauna a ƙasa.

Sun yanke bututun, sun cike abin da ya rage daga sama. Babu mai sake buɗe ta.

Ka cire sunana daga sabon wurin. Asabar zan taho, wajen Mama zan sauka. Kada ka zo tarye na.

Auta