Baƙuwar Ƙwaya a Kwalba ta Huɗu

Goggo, don Allah ki taimake ni. Kwana uku ke nan ina cin abinci ban san ɗanɗanonsa ba, kuma duk wanda na fara wa bayani sai ya yi dariya.

A ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, ina kiwon bakteriya, ƙananan halittun nan da ido ba ya gani. Namu karan masara da ɓuntun shinkafa suke ci, su mayar da su man da ake zuba wa inji. Sai dai dole a dafa karan da sinadarin asid kafin su iya cinsa, dahuwar kuwa tana fitar da guba mai kashe su. Ni aka ɗora wa aikin saba musu da gubar. Duk bayan kwana biyu nakan ɗebi ɗigo daga tsohuwar kwalba in zuba a sabuwa, in ƙara guba kaɗan. Ragwaye su mutu, masu taurin kai su hayayyafa. Wata tara ina wannan, zagaye ɗari da talatin da biyar, ban taɓa fashi ba. Ranar da ƙanwata ta haihu ma daga asibiti na zarce wurin aiki, har yau tana min gori.

Ƙa'idar aikin ita ce duk zagaye goma a daskarar da kaɗan a firiza don gudun ɓacin rana, a kuma duba su a madubin ƙara girma. Na bi ta har zagaye na hamsin. Sai wani babba a wurinmu, muna ce masa Babban Yaya, ya cika min kantata ta firiza da akwatunansa. Ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya koya min riƙe kwalba ma, sai na ji nauyin ce masa ya kwashe. Kullum sai in ce gobe. Ana haka, cikin kwalaben da nake kiwo a jere, ta huɗu ta fara bunƙasa, na ninka guba ko gezau. Daɗi ya kwashe ni, na daina dubawa. Kai, bari in faɗi gaskiya, ba mantawa na yi ba, ba na son ganin abin da zai ɓata min rai ne.

Ran Litinin na buɗe kwalbar na ji tsamin ya canja. Na duba. Namu dogaye ne sirara kamar tsinke, waɗannan kuwa gajeru ne kewayayyu, a cunkushe. Ina zargin wata baƙuwar ƙwaya ce ta shigo ta cinye gidan, ni kuma ina ta yi mata hidima ban san tun yaushe ba.

Nan da kwana goma Oga, shugaban wurin aikinmu, zai tsaya gaban mutanen wata masana'anta ya ce mun samu ƙwayar da ke jure guba, su gwada ta a babban tankinsu. Ya riga ya yabe ni a gaban kowa. Gwajin da zai tabbatar min kuwa sati biyu yake ɗauka. Da na koma gida, maigidana ya ce in kama bakina sai an gama taron, wai ƙwaya ai ƙwaya ce tunda tana shan guba ba ta mutuwa.

Ba barin aikin zan yi ba, Goggo. Ko daga zagaye na hamsin ne zan koma in sake, wallahi zan sake. Amma kunya ta ishe ni. In faɗa yanzu, ko in jira sakamako?

Mai Kiwon Abin da Ba a Gani

'Yata,

Ban san bakteriya ba, amma na san mutumin da ya yanke shawara yana neman wanda zai ɗan tura shi. To ga ni.

Maigidanki ba shirme ya faɗa ba. Har yanzu zargi ne a hannunki, kuma wa ya sani, wataƙila baƙuwar nan tana da nata amfanin. Tausayinki yake ji. Sai dai ba shi zai tsaya gaban mutane ba. Oga ne zai yi magana da bakinsa a kan abin da ko ke ba ki yarda da shi ba. In tankin mutane ya ƙi aiki, tambayar da za a yi miki ɗaya ce: yaushe kika sani?

Gobe da safe, kafin ki ga kowa, ki daskarar da abin da ke kwalba ta huɗu, kada ki zubar don haushi. Ki fito da na zagaye na hamsin ki farfaɗo da su, ki tura gwajin, ki ɗauki hoton abin da kika gani. Sannan ki shiga ofishin Oga ke kaɗai, ki gaya masa abin da ya faru da abin da kika riga kika fara gyarawa. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi. Kwana goma sun ishe shi ya ɗage taron ko ya sauya abin da zai ce.

Kada ki jingina laifin ga Babban Yaya, bai san yana cutar ki ba. Ki gaishe shi da ladabi ki ce kina buƙatar kantarki. Girmama babba bai hana ki buɗe baki a kan aikinki ba.

Kusan wata shida za ki rasa, na san da ciwo. Amma wata shida ana mayar da su. In kika yi shiru aka gano daga baya, duk sakamakon da kika kawo nan gaba sai an sa wani ya sake dubawa kafin a yarda da ke.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya gobe, ya sa wa hannunki albarka.

Goggo