Kilishin Surukina da Jikin 'Yata

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah a sakaya sunana, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni 'yar Kangire ce, aure ya kawo ni wani gari a ƙasar Gwaram, gida ɗaya muke da iyayen mijina. Maigidana direba ne, yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano, sai ƙarshen sati muke ganinsa. Surukina kuwa, Baba, mai kilishi ne, sana'ar da ya gada, har daga wasu garuruwa ake aikowa a saya. 'Yarmu ɗaya, ita ce ta fari, sunan mahaifiyar Baba aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Ummi, shi kuma ba ya kiranta sai Uwata. Tun tana rarrafe yake ɗora ta a cinya a zaure yana yago mata kilishi yana sa mata a baki, har ta kai ba ta cin wani naman, in na sa mata tsoka a miya sai ta ture.

Tun bara jikinta ya fara borin jini, ta yi ta susa har ta ji wa kanta ciwo, ga ciwon ciki ba ya ƙarewa. Mun yi na gargajiya, mun yi na kyamis, sai ya lafa ya dawo. Da muka je asibiti a Birnin Kudu likita ta ce tana zargin alaji ne, wato akwai abincin da jikinta ba ya so. Ta ce a cire mata gyaɗa da duk abin da aka yi da ita, da madara, ƙwai, fulawa, magi, da duk wani abin leda, a bar ta a kan abinci tsurarsa, gero, dawa, shinkafa, dankali, kabewa, ganye, da nama. In jikin ya lafa sai a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya a gaban likita, har a kama mai laifin. Ta ja min kunne sosai, ta ce ko ɗanɗane aka yi an koma farko, kuma kada in bari ta rasa nama tunda an cire ƙwai da madara.

To a nan matsalar take. Ɗanyen nama sai ranar kasuwa, firij kuwa ado ne a ɗakina tunda ba wuta, dole sai naman da ake ajiyewa. Na shiga bin masu kilishi da tambaya kamar mai neman ɓataccen akuya. Jan kilishi akwai kala da magi. Fari ma da ƙuli ake kwaɓa labunsa, labu shi ne kwaɓin da ake tsoma naman a ciki. Na leda kuwa ba a rubuta komai a jikinsa ba sai lambar waya. Wani ya rantse min babu magi a nasa, da na matsa sai ya ce ai farin magi ne kaɗan. Dambun nama da man gyaɗa ake soya shi. Daga ƙarshe na gane abin da nake nema yana tsakar gidanmu: naman da aka yanyana aka shanya ya bushe tun kafin a tsoma shi a labu, a barbaɗa gishiri a gasa, shi ke nan.

Na san wasu za su ce to ki faɗa wa Baban mana. Ku da kuka tashi a irin gidajenmu kun san abin ba haka yake ba. Ban taɓa haɗa ido da Baba ba, daga durƙuso nake gaishe shi in tashi. Ga Ummi 'yar fari, ga sunan uwarsa, a gabansu ko ɗaukarta ba na yi, in ta faɗi sai dai in kau da kai wani ya ɗaga ta. Da wane bakin zan ce masa kada ya ba ta abin hannunsa?

Sai na tura maigidana. Shi ma sarkin kunya, ya je yana sosa ƙeya ya ce likita ta hana ta wasu kayan haɗi, ko za a ware mata nama kafin a sa labu. Baba ya yi dariya, ya ce nama ba labu ai tsirara yake, shi tunda yake bai taɓa fitar da tsiraran nama daga hannunsa ba, ba kuma a kan uwarsa zai fara ba. A ganinsa yaji ne yake damunta. Bawan Allah ya zauna ya haɗa mata nata na musamman, ba barkono ko kaɗan, ya ƙara ƙuli don ya yi mata garɗi. Ranar leɓenta ya kumbura, ta yi ta kuka tana susar wuya, ni ma na zauna ina kuka, Inna surukata tana cewa iska ce ta buge ta.

Da na ga haka, ranar da muka koma asibiti sai na samu wani mahauci a Birnin Kudu, na roƙe shi ya gasa min busasshe da gishiri kawai a gabana, na ɓoye a ɗaki ina ba ta. Ta karɓa kuwa, har tana neman ƙari. Abin da ban lissafa ba, yarinyar ta saba komai ta samu sai ta kai wa kakanta. Ta ɗauki yanki ta ruga zaure ta ce ya ci. Ina jiyo su ta katanga. Sai na ji ya ce, “Uwata, ashe naman ɗanki ne yake cutar da ke, har sai an sayo miki na wani.”

Tun ranar bai sake kiranta zaure ba. In ta je sai ya ce a mayar da ita wurin uwarta kada a ce shi ne. Gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Matan gidan suna ta yada min magana, wai na shigo da naman bare gidan mai kilishi, in labari ya fita gari cewa kilishinsa ya kwantar da jikarsa wa zai sake saye. Maigidana kullum a waya sai ki yi haƙuri, shi fa haƙurin nan ya iya rabon shi kamar sadaka. Abin da ya fi ci min rai, tunda Baba ya daina ba ta, jikin ya yi kyau. Susar ta tsaya, cikin ya lafa, tana cin abinci. Amma kullum da la'asar sai ta tsaya a bakin zaure tana leƙen kakanta, ta dawo tana tambayata me ta yi masa.

Jiya Inna ta kira ni ɗaki, ita ba ta da mugun nufi, ta ce ta shawo kan Malam, wato Baba. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci in kai Ummi zaure in durƙusa in ba shi haƙuri, shi kuma zai sa mata kilishi a baki da hannunsa a gaban kowa, maganar ta mutu. Ta ce, “Loma ɗaya ce 'yar nan, loma ɗaya ba ta kisa.” Ni kuwa likita ta faɗa min tunda har leɓe ya fara kumbura, na gaba yana iya zama maƙogwaro, ga mu da nisa da asibiti.

Na ce mata to, domin ban san yadda ake ce wa Inna a'a ba. Wallahi ina son tsohon nan, ban taɓa ganin mai son jika kamarsa ba, kuma ina tsoron in na ƙi zaman gidan ya gagare ni. Amma in na kai ta, ni da hannuna na miƙa ta ina sane.

Iyaye mata da ke gidan nan, da ku masu surukai, yaya zan yi? In ɗauke ta mu tafi Kangire kafin ranar a ce na yi yaji, ko in buɗe baki a gaban surukina in ce kada ya ba ta, abin da ban taɓa ganin wata mace ta yi ba a gidan surukaina? Yau Laraba, kuma Ummi tun jiya take murna za ta je wurin Baba.