Ranar da Na Manta Buta

Asabar, bayan Isha'i. Tudun Wada.

Aikin farko: duba iskar tayoyi.

Yau na kai Baba bakin kogin Galma, inda farin yashi ya kwanta tsakanin duwatsu. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya ƙi taka ƙasa, alhali likita ya ce ƙafar za ta ɗauke shi. Inna ta ce wahalar da tsoho kawai zan yi. A hanya na yi ta tunanin ko ita ce da gaskiya.

Na shirya komai, kujera, tabarma, magani, sanda. La'asar na yi na ga ban ɗauko buta ba, ruwan gora kuma mun shanye.

Na ce, "Baba, ga yashi mai tsabta, ku yi taimama."

Ya harare ni. "Taimama ina kallon kogi? Wane malamin ya koya maka? Miƙo sandar nan."

Ya miƙe. Yana jan ƙafar cikin yashi, ina biye da shi. Bai tsaya ba sai kan wani faffaɗan dutse a bakin ruwa, ya zauna ya yi alwalarsa. Ya ce, "Ƙato da kai, buta ta gagare ka."

Na yi dariya har da hawaye. Baba zai yi tafiya, in sha Allahu. Wannan karon ban yi kuskure ba.

Gobe:
- Kakkaɓe yashin mota.
- Karɓo magani a Kwangila.
- Ba Inna labari, ban da gori.
- Shirin komawa Asabar. Buta ta zauna a gida.