Uwar Lam Ta Hagu

Zuwa ga aminina Lawali Direba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko da kana raye ma kai ba mai son karatun wasiƙa ba ne, sai ka ce in zo mu yi magana da baki. Amma abin ya tsaya mini a ƙirji, kuma ba wanda zan gaya wa ya gane sai kai.

Gida lafiya. Barira ta fita takaba, ta rame amma tana cin abinci. Daminar da ta wuce gero ya yi kyau a gonarka ta hanyar Kance. Babban labari shi ne ɗanka Mutari bai tafi cin rani Kano ba bana. Ya ce zai ta da tsohuwar motarka kat-san-kat, ya ci gaba da jigilar 'yan kasuwa. Inji ya tashi ba gardama. Bayanta ne ya zauna kamar jakin da aka yi wa lodi ya wuce kima, domin tun da ka kwanta ciwo tana tsaye gindin bishiyar bedi ruwa na dukanta. Ya turo ta har ƙofar maƙerata, ya ce ba wanda zai taɓa lam ɗinta sai ni, tunda ni na saba.

Muka ɗaga ta da kirik, muka kwance lam ɗin gefe biyu, ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin bayanta. Tsatsa ta manne su wuri guda, bulon na tsakiya da ya ɗaure su sai da na sare shi. Na raba su ɗaya bayan ɗaya, na kankare, na jera a ƙasa daga babba zuwa ƙarami. Duk sun miƙe, lanƙwasarsu ta tafi. Uwar lam ta hagu kuma, doguwar nan mai ido a baki biyu, na iske ta da tsagewa kusa da ido. Mutari ya so a kai wa mai walda ya ɗinke. Na ƙi, na tuna masa cewa a kan wannan ƙarfe mutane ke zama. Ya tafi Damagaram wajen masu kwance tsofaffin motoci, ya samo wata wadda ita ma ta ga duniya.

Na hura wuta, na lanƙwasa su da masaba, na tsoma a baƙin mai kamar yadda muke yi. Hannuna bai manta ba, Lawali. Amma ka tuna abin da ke biyo baya? Kai ne kake rataye kowane ƙarfe da igiya, ka buge shi da kile na kwance noti, ka karkatar da kai kana saurare. In ya yi amo mai tsawo ka ce a ɗaura, in ya yi guntun sauti ka jefar da shi gefe ko da ina rantsuwa lafiyarsa lau. Mutanen Matameye suna cewa lam ɗin Isuhu ba ya karyewa, ni kuma ina karɓar yabon. Ban taɓa gaya maka ba cewa da kunnenka nake barci. Nawa kunnen ƙarar masaba ta cinye shi tun tuni, yanzu ko kiran salla sai iska ta juyo nake ji sosai. Na rataye sabuwar uwar lam, na buga, na sake bugawa. Na ga tana rawa a igiya, ban san me ta ce ba. Na sa Mutari ya saurara, ya ce ai ƙara ce kamar ta kowane ƙarfe. Me ya sa ba mu koya masa ba? Muna tsammanin muna da lokaci ne?

Na shafa giris tsakaninsu, muka ɗaure, muka sauke ta. Ta tsaya cak, bayanta a ɗage kamar lokacin ƙuruciyarmu. Ranar da zai fara fita zuwa Tsauni na ce da ni za a je. Na zauna a baya daidai kan tayar hagu, tsakanin buhunan wake da mata masu ƙwarya. Da muka gangara kwarin nan mai yashi bayan lambuna, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashina. Na buga rufi, Mutari ya tsaya, na sa kowa ya sauka. Na shiga ƙasan motar ina lalube da yatsa daga ido zuwa ido, ban sami kome ba. Mutane suna ta gunaguni rana na dukansu, wata tsohuwa ta ce ita ba ta ji ko motsin ɓera ba. Ɗanka ya miƙo hannu ya tashe ni, ya kakkaɓe mini riga. Mun je mun dawo lafiya.

To, ƙarfen ne ya yi magana, ko kunnena ne ke mini ƙarya? Tun ranar ban sami natsuwa ba. Duk yammacin da motar ta fita, ina zaune bakin hanya har sai na hango ta. In ta makara kaɗan sai in tashi tsaye ina leƙen hanya. Na sa Mutari yana kawo ta in duba, yana kawowa ba ya musu, amma na ga ya fara kallona da tausayi.

Yanzu ga damina ta ƙarato, hanya za ta lalace. Jiya kuma Barira ta aiko cewa tana son zuwa Yauri ganin ƙanwarta, kuma ba za ta shiga motar kowa ba sai taka. Da wane baki zan hana ta? In ce mata me, alhali ban ga tsagewa ba? Abin da na iya kawai, na roƙi Mutari ya rage lodi ranar, ya zaunar da uwarsa a gaba, gefen dama.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya kai su Ya dawo da su. Sai mun zo.

Naka har kullum,
Isuhu Maƙeri, Matameye