Masu Duba Sun Zo Madakiya

Zuwa ga Mama Saraya, wadda ke hutawa wurin Ubangiji,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, cikin sunan Yesu Almasihu. Na san babu gidan wayar da zai kai miki wasiƙar nan, kuma ko da akwai, ai ni ɗin ce zan karanta miki, kamar yadda muka saba. Jikarki ce ta dawo daga makaranta tana ba ni labarin madubin likita, na'urar nan mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Na yi ta dariya har dariyar ta koma hawaye, don ke na tuna.

Ina aji shida a Madakiya lokacin, shekarun da aka fara firamare kyauta, yara suka yi yawa har ƙarƙashin mangwaro ya zama aji. Hedimasta ya sanar cewa malamai za su zo daga kwaleji a Kafanchan da madubi, kowa zai duba ya ga abin da ido ba ya gani. Na rugo gida na faɗa miki haka, ban rage ko kalma ba. Kina surfen acca, sai kika ajiye taɓarya.

Ashe gyambo na taka. A wurinki duba ɗaya ne a duniya, na boka. Shi dangin Baba suka je yi sa'ad da ƙanena Ayuba yake fama da gudawa. Mai duban ya karɓe akuya, ya ce laifinki ne. Ayuba ya rasu, maganar kuma ta bi ki shekara da shekaru, shi ya sa kika riƙe coci da hannu biyu. Da Hausarki wadda ba ruwanta da mace ko namiji kika ce, "Yarinya na ba zai zauna inda ana duba ba. Gona yana nan." Na yi kuka, na yi bayani, a banza. Ina son makarantar nan kamar raina, Mama, kuma na san idan kin faɗi magana kin gama.

Ranar da suka zo kika ɗaura zanen zumuntar matan coci, kika sa ni gaba, za ki gaya wa Hedimasta baki da baki cewa kin cire ni, don ke ba kya abu a ɓoye. Muka shiga aji, ba buzu, ba wuri, ba farar kaza. Wani ɗan ƙarfe ne a kan tebur kusa da taga, da ƙaramin madubi a gindinsa yana kama hasken rana. Malamanmu aka fara koya wa, sun yi layi kamar 'yan aji ɗaya. Malam Bitrus mai bulala ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, yana ta rantsuwa na'urar ta lalace. Ko ke sai da kika danne dariya, na gan ki.

Baƙuwar malamar, Rifkatu, ta gaishe ki da yarenmu. Ba ta yi gardama da ke ba. Ɗigo ɗaya ta roƙa daga gorar da kika rataya, ruwan rafinmu, ta ɗora a kan gilashi. Kika yi addu'a a fili tukuna, kika sunkuya. Kin daɗe a haka. Da kika ɗago kika ce, "Abu yana tafiya a ciki." Sannan kika sauke murya kika tambaye ta ko irin wannan yana kashe ƙaramin yaro. Ta gaya miki gaskiya: ba duka ne masu cuta ba, amma masu cutar a irin ruwan nan suke zama, wuta ce maganinsu.

Ba ki nemi Hedimasta ba. A hanyar gida kina gaba ina baya, ban san hukuncina ba. Yanzu da na haifa na gane abin da kika ɗauko daga ajin nan: an sauke miki laifin da aka ɗora miki, amma an nuna miki cewa itace kaɗan da tukunya wataƙila da sun tsare miki ɗa. Ban san yadda kika iya ɗaukar duka biyun ba, Mamana.

Da muka isa kika juye randa gaba ɗaya a cikin babbar tukunya, kika hura wuta. Ina tsaye ina jira. Ba ki ko waiwayo ba kika ce, "Ki wanke yunifom, gobe kada ki makara."

Ubangiji ya ci gaba da ba ki hutu a gabansa, ke da Ayuba, ya sada mu a ranar tashi. Amin.

'Yarki da kika bari ta yi karatu,
Hannatu, Kafanchan