Rediyo Ta Sallami Maigidana Daga Shan Magani

Anti mai filin shawara, assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na ɗora miki kayana, na san masu matsalar da ta fi tawa suna jiran ki. Amma don Allah ki taimaka mini.

Maigidana mai gyaran rediyo ne, kuma yana da hawan jini. Kwanakin baya yana cikin gwada rediyon wani ya ji ana cewa masu kwanciya asibiti saboda bugun zuciya sun ragu a kan shekarun da suka wuce. Ko ƙarshen shirin bai ji ba, mai rediyon ya karɓi kayarsa. Shi ke nan, ya dawo gida da bushara, wai ciwon ya tsufa, ya daina kama mutane. Ya ajiye magani a saman firiji, ya koma wa kitse da sigarinsa. In na rage gishiri, sai ya ce ban bin labarai. Astagfirullah, ba gibarsa nake yi ba, mutumin kirki ne, taurin kai ne kawai Allah ya ba shi mudu a cike.

Makon jiya na kai masa abincin rana shago, na tarar da shi zaune a ƙasa tsakanin wayoyi, ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa rigarsa, yana cewa zafin har hannun hagu. Da ya lafa ya ce iska ce ta taru. Nan take ya sa na rantse da Allah ba zan gaya wa babbar 'yarmu ba, ita da take aikin jinya, don ya san da ƙafarta za ta zo ta tasa shi gaba.

Ni kuwa tun ina makarantar allo aka koya mini rantsuwa ba wasa ba ce. In na faɗa na yi saɓo, in na yi shiru ina kallon sa yana hawa bene yana hutawa a kowace matakala. Ki ba ni amsa da wuri.

Baiwar Allah mai tsoron saɓo

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Ki gaishe mini da babban likitan shago. Rediyon ba lallai ta yi ƙarya ba: inda adadin ya sauka, ya sauka ne saboda mutane sun bar sigari, suna awo, suna shan magani, wato duk abin da shi ya daina. Mutane sun yi noma, shi ya zo cin girbi da hannu a aljihu. Kuma asibiti wanda ya iso ƙofarta take ƙirgawa. Wanda ya yanke jiki ya faɗi a shago, ana cewa ko ciwon kai bai yi ba, shi ma ya taimaka wajen rage adadin.

Amma ki yi masa adalci. Wanda ya yarda iska ce ba ya sa a rantse masa. Tsoro yake ji, kar a kwantar da shi, shago ya rufe, yara su gan shi a gado.

Rantsuwarki kuwa, ki tambayi duk malamin da kika yarda da shi: wanda ya rantse, sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi alherin ya biya kaffara. Ciyar da mabuƙata goma ya fi sauƙi a kan ciyar da 'yan zaman makoki.

Ki kira 'yarki yau, ba gobe ba, a duba shi. In zafin ya dawo, asibiti kai tsaye, ba sai ya ba da izini ba. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi; mai rai ne ke fushi.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.