Shanun Cikin Kati

Litinin, 5 ga Mayu
Yau kam zuciyata fes! Isma'ila mai gyaran telefon a kasuwar Tasawa ya ce ƙarin wasan gonar nan ya iso hannunsa. Shanu! Shekara biyu ina noman gero da kiwon kaji a konsol ɗina, na'urar wasan gem, ba saniya ko ɗaya. Ya sake ja mini kunne: tunda an buɗe konsol ɗin ta bayan fage, kada in kuskura in haɗa ta da rezon intanet, kamfani zai toshe ta. Komai ta katin memori za a zuba.
Baba yau ma bai taɓa furarsa ba. Wata uku ke nan tun da fari ya sa ya sayar da Woɗeye, jar saniyarsa ta ƙarshe, ya dawo wurina cikin gari. Gaisuwa kawai yake amsawa. Ina jin tsoro.

Talata, 6
Wayyo ni Sadiƙu! Doki ya sa na zuba ƙarin kafin miz-a-jur, wato sabuntawa. Wasan ya ƙi buɗewa, allo baƙi ƙirin. Gonata!

Alhamis, 8
Isma'ila ya yi mini dariya har da riƙe ciki. “Kai da kake aikin buro, ba ka san sabuntawa ake fara sakawa ba?” Ya goge ƙarin, muka sake bi da bi. Ana saura kaɗan kuran ya ɗauke, ba lantarki, batiri kuma ja. Da gudu muka kai ta solar mai shayi.
Ta buɗe! Gonata na nan, ga garken shanu huɗu a gefe. Ihun da na yi sai da mai shayi ya zubar da kofi.

Juma'a, 9
Bayan masallaci ina tatsa a zaure, saniyar ta yi kuka. Baba ya ɗago kai.
“Wa ya bar ta da ƙishirwa?”
Na ce wasa ne, Baba. Ya ce wasa ko ba wasa ba, mai hankali ba ya tatsa maraƙi na nesa. Ya matso, ya ƙura ido, ya ce ƙahonta na banza ne amma bayanta ya yi kyau. Maganar da ta fi kowace tsawo tun zuwansa.

Lahadi, 11
Baba ya karɓi konsol, babban yatsansa ya cika maɓalli biyu. Ya raɗa wa duka huɗun suna da Fulatanci, ni ko ɗaya ban iya faɗa daidai ba. Kunya ta kama ni. Ya shanye fura yana yi mini faɗa.

Laraba, 14
Wasan ya ce in sayar da jar saniyar da ke cikinsu in faɗaɗa garke. Na kai yatsa, Baba ya riƙe mini hannu gam.
“Wannan ba ta sayarwa ba ce.”
Ban sayar ba.

Lahadi, 18
Isma'ila ya kira, sabon ƙarin wasan ƙwallo ya zo, wanda nake jira tun bara. Kati ya cika, sai an goge gona. Na ce ƙwallo ba ta dame ni ba yanzu. Ya ce tun yaushe? Na kashe wayar.
Konsol tana ƙarƙashin matashin Baba. Gobe da safe ni ne da shayarwa, ya ce kada in makara.